Inuwa Kafin Batir: Sharhi a Kan Sufuri Mai Ɗorewa a Jami'o'inmu

Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatu a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasar nan ya san wani darasi da ba ya cikin jadawali, ba a kuma ba da maki a kansa, amma shi ne na farko kowace safiya: tsayuwa a tashar mota. Kafin ƙarfe bakwai da rabi layi ya miƙe har ya lanƙwasa. Da zarar bas mai cin mutum goma sha takwas ta kunno kai, sai layin ya watse. Mai ƙarfi ya kutsa ta ƙofa, mai wayo ya jefa jakarsa ta taga ya kama kujera, mai kunya kuwa ya ja da baya ya jira ta gaba. A shekarata ta uku a jami'a, wannan jira ya sa na rasa gwaji mai maki ashirin. Na isa ƙofar aji a guje, sharkaf da gumi, na tarar an rufe. Ban ga laifin malamin ba, domin ƙa'ida ya bi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne motarsa da na gani a ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo da ke gaban ginin: ita a inuwa, mu da muka makara muna tsaye a rana.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, maganar sufuri mai ɗorewa ta shiga bakin hukumomi. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi sahu, ɗalibai da dama suka fara zaɓen ranakun da za su shiga makaranta. Wannan maƙala sharhi ce a kan yadda ake fahimtar maganin wannan matsala. Ra'ayina shi ne an taƙaita zancen a kan irin abin hawan da za a sayo, na lantarki ko na iskar gas, alhali tushen wahalar yana cikin yadda aka shimfiɗa harabar jami'a, da yadda aka tsara lokutan karatu, da irin kallon da muke yi wa mai tafiya a ƙasa da mai keke. A taƙaice, an bar jaki ana dukan taiki.

Me Ake Nufi da Ɗorewa?

Kalmar ta sami karɓuwa a duniya bayan rahoton da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin jagorancin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway, ya fitar a 1987. Gundarin saƙonsa shi ne mutanen yau su biya buƙatunsu ba tare da sun cinye rabon na gobe ba. A 2015 Majalisar ta amince da muradu 17 na ci gaba, kuma na 11 daga cikinsu ya ambaci sufuri mai aminci da araha wanda kowa zai iya amfani da shi, tare da kulawa ta musamman ga mata da yara da tsofaffi da masu naƙasa.

Bahaushe ma yana da nasa ma'aunin. Idan ya ce abu ya ɗore, yana nufin ya ci gaba da amfani bayan an naɗe tabarmar biki, wanda ya kawo shi kuma ya kau da kai. Rijiyar da aka haƙa tun zamanin kakanni, ake kuma yashe ta duk shekara, ta ɗore. Famfon tuƙa-tuƙa da ya tsaya wata shida bayan an yanke ƙyalle, saboda babu wanda ya san inda ake sayen robarsa, bai ɗore ba, ko da kuwa ya fi rijiyar kyau a hoto. Idan muka haɗa ma'aunan biyu, tambayoyi uku ne za su hau kan kowane tsarin sufuri na jami'a. Shin ɗalibin da ya fi kowa ƙarancin guzuri zai iya amfani da shi kullum? Idan ya lalace, akwai mai gyara da kayan gyara a garin? Sannan me yake bari a iskar da ake shaƙa? Mafi yawan jawaban da ake yi a wajen ƙaddamarwa tambaya ta uku kaɗai suke taɓawa, ita ma rabi da rabi.

Harabar da Aka Zana wa Mai Mota

Manyan jami'o'in Arewa faɗi gare su, kuma a warwatse suke. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da babban matsuguni a Samaru, wani a Kongo, asibitin koyarwarta kuma yana Shika. Jami'ar Bayero tana da tsohon matsuguni a gefen ganuwar Kano, sabo a kan titin Gwarzo, asibitin koyarwa kuma a kan titin Zariya. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da aka kafa a 1975, mazauninta na dindindin yana hayin kogin Rima, a wajen birnin Sakkwato, kuma lokacin da ambaliyar 2010 ta yanke hanyar da ke kaiwa can, sai da karatu ya tsaya.

Adalci ne a ce waɗanda suka keɓe waɗannan manyan filaye sun yi hangen nesa. Ba don su ba, da yau babu inda za a aza tubali. Sai dai kowane zane ɗan zamaninsa ne. Shekarun 1970 lokaci ne na arzikin mai, da ƙarin albashin Udoji, da kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 1975. Babban ma'aikaci yana samun rancen mota, ɗalibai ba su da yawa, akasarinsu kuma a cikin makaranta suke kwana, a nan suke cin abinci. Nisa bai dami kowa ba, domin malami yana da mota, ɗalibi kuma ajinsa yana kusa da gadonsa.

Yau yawan ɗalibai ya ninka sau da dama, ɗakunan kwana ba su ninka ba. Dubbai suna haya a unguwannin da ke kewaye, wasu suna tahowa daga cikin gari. Duk da haka ba a sauya tunanin gini ba. Idan an sami kuɗin gina sabuwar tsangaya, sai a nemi inda fili ya fi yalwa, wato can ƙurya, a dasa ta. Za a shimfiɗa mata kwalta da filin ajiye motoci tun kafin a sa tagogi, amma hanyar ƙafa sai dai ƙafafun su fitar da abarsu. Duk ginin da aka kai nesa ba bisa larura ba bashi ne da aka ci, kuma ɗalibai ne za su yi ta biyansa da gumi da kuɗin mota har tsawon rayuwar ginin.

Wanda yake son sanin ra'ayin ɗalibai a kan zanen makarantarsu ba ya buƙatar raba takardar tambayoyi. Ya dubi siraran hanyoyin nan da sawu ya fitar a cikin ciyawa, masu yanke kwana daga ɗakin kwana zuwa ɗakin karatu, daga masallaci zuwa wurin cin abinci. Kowace ɗaya gyara ce da dubban ƙafafu suka yi wa takardar mai zane. Abin takaici, martanin da aka fi mayarwa shi ne a kafa allo a hana taka ciyawa.

Motar Lantarki: Yabo da Gyara

Ba na cikin masu raina sabuwar fasaha, kuma akwai abubuwan yabo da aka yi. A 2019 aka buɗe tashar lantarki mai amfani da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7.1, a Jami'ar Bayero. A Afrilun 2021 hukumar bunƙasa ƙere-ƙeren motoci ta ƙasa, lokacin da Jelani Aliyu yake shugabantarta, ta buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, daga baya aka yi irinsa a jami'o'in Legas da Nsukka. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya nuna cewa matasanmu za su iya cire injin fetur daga ƙaramar bas su mayar da ita mai batir. Ƙasar da rana take dukanta kusan duk shekara ba ta da hujjar ƙin cin moriyarta.

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abu na farko, tsabtar motar lantarki tana rataye ne a kan inda wutarta ta fito. Idan da janareta mai shan dizal aka caja ta da dare, to hayaƙin bai ɓace ba, an dai ɗauke shi daga salansa an kai shi bayan gini. Na biyu, batir shi ne ɓangare mafi tsada a jikin motar, zafi yana gaggauta tsufansa, ƙurar hunturu kuma tana rufe farantan sola ta rage abin da suke tarawa. Jami'ar da ta sayi bas ba ta ware kuɗin sauya batir da wanke faranti ba, ta sayi rabin bas ne. Na uku, bakaniken da ya ƙware a kan injin fetur ba lallai ne ya san kan wannan ba, kuma wanda ya zaga bayan sashen ayyuka na makarantu da yawa ya san maƙabartar motocin da ke can: bas-bas na kyauta, sunan mai bayarwa raɗau a jikinsu, tayoyi sun nutse a ƙasa, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Ba mugunta ce ta kashe su ba, wani ɗan ƙarfe ne da aka rasa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi: kujera goma sha takwas, goma sha takwas ce, ko da fetur motar take tafiya ko da batir. Idan mutum ɗari biyar suna son isa wuri guda a lokaci guda, sauya abin da ke cikin tanki ba zai rage layi da mutum ɗaya ba. Da motar da na jira a ranar gwajina ta lantarki ce, da na makara cikin shiru da iska mai tsabta, amma dai da na makara.

Ƙafa da Inuwa

Sufurin da ya fi kowane araha, ba ya hayaƙi, ba ya kuma jiran kayan gyara daga waje, shi ne ƙafa. Lafiyayyen matashi yana cin kilomita ɗaya a cikin kimanin minti goma sha biyu. Da yawa daga tafiye-tafiyen cikin haraba ba su wuce haka ba, kuma sau da yawa jiran motar ya fi tafiyar tsawo. To me ya sa ake jira? Amsar tana sama. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, kwalta tana mayar da shi fuska, ga kuma azumi idan ya faɗo a wannan tsakani. Ba lalaci ne yake hana ɗalibi tafiya ba, rana ce. Da damina kuma taɓo da kwatami, da dare ga duhu, wanda ya fi tsananta ga ɗalibai mata masu dawowa daga ɗakin karatu.

Maganin wannan sananne ne, kuma yana tsaye a tsofaffin unguwannin ma'aikata na Kano da Zariya, inda maɗatan da aka dasa tun kafin a haifi iyayenmu suke rufe titi da inuwa har yau. Dalbejiya tana jure fari, ba ta zubar da ganye gaba ɗaya da rani, kuma cikin 'yan shekaru take yin inuwa. Tsamiya da maɗaci sun fi jinkiri, amma sun fi daɗewa. Abin da ake buƙata shi ne dashe, da keji saboda awaki, da ban ruwa na rani biyu ko uku. Jami'ar da take da sashen aikin gona ko na gandun daji tana da masana da ma'aikata a cikin gida. Idan aka haɗa da daɓen hanya mai faɗin da keken guragu zai wuce, da magudanar ruwa, da fitilun sola, an sami hanyar da za ta ɗauki dubban mutane a awa guda ba tare da direba ba.

Me ya hana? A ganina, bishiya ba ta da ranar ƙaddamarwa. Wa'adin shugaban jami'ar tarayya shekara biyar ne, ba a sabuntawa. Maɗacin da ya dasa a shekararsa ta farko wani ne zai sha inuwarsa. Bas kuwa ana iya tsayawa a gabanta a ɗauki hoto a ranar da ta iso. Matuƙar da abin da ake iya nunawa a rana ɗaya muke auna shugabanni, za su ci gaba da sayen abin da yake mutuwa a shekara uku.

Keke da Ƙyamar da Muke Yi Masa

Inda tafiya ta fi ƙarfin ƙafa, keke yana cin kilomita uku a cikin kwata na awa, kuma wurin da mota ɗaya take tsayawa zai ɗauki kekuna kusan goma. Akwai jami'ar da ta gwada wannan ta gani. A garin Davis na jihar Kalifoniya a Amurka, jami'ar da ta faro a matsayin gonar koyon noma ta hana motoci shiga tsakiyar harabarta tun shekarun 1960, keke ya zama abin hawan malami da ɗalibi. Tun 1968 kuma ɗalibai ne suke tuƙa bas-bas ɗin da ke jigilar garin. Na kawo wannan misali ne saboda ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce kamar tamu, bazararsu ma tana da zafi. Abin da suka fi mu shi ne shawarar da suka yanke da wuri.

Keke kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ya daɗe da shiga rayuwarmu har Aliyu Namangi, mai Imfiraji, ya yi masa waƙa. Kowace unguwa tana da mai faci, kowace kasuwa ana sayar da kaca da birki. Tsarin aron keke da manyan biranen duniya suke alfahari da shi a yau, mu mun tashi mun tarar da shi a wajen mai hayar keke na bakin layi, wanda yake ba yaro keke na awa ɗaya ya rubuta sunansa a littafi. Ga masu gyara, ga kayan gyara, ga araha, ga rashin hayaƙi: duk tambayoyin nan uku ya amsa su.

Abin da ya rage shi ne girman kai, kuma a nan ne mu ɗaliban adabi muke da namu kason na laifi. A yawancin littattafan soyayya da finafinan da na tashi ina karantawa ina kallo, idan aka ce saurayi ɗan jami'a ne, da makullin mota a hannu ake shigo da shi. Keke na mai ban dariya ne, ko na talakan da labari zai azurta kafin a kai ƙarshe, kuma alamar arzikin ita ce ya jingine keken. Mun koya wa ƙannenmu cewa ilimi hanya ce ta sauka daga sirdi a shiga mota. Shi ya sa saurayin da ya yi shekara shida yana zuwa sakandare a kan keke yake barinsa a gida ranar da ya sami gurbin jami'a, ya zo ya shiga layi. Ranar da farfesa ya jingine kekensa a ƙofar majalisar jami'a ba tare da an yi masa kallon wanda ya tsiyace ba, za a ga canjin da takardar sanarwa ba za ta kawo ba.

Akwai ƙorafe-ƙorafe na gaskiya. Sata tana nan, kuma maganinta rumfar ajiya mai mai gadi da lamba, kamar yadda ake yi wa babura a kasuwanni. Akwai kuma batun mata, waɗanda al'ada da yanayin sutura suke hana da yawansu hawa. Ba daidai ba ne a yi kamar ba a san da wannan ba, ba kuma daidai ba ne a ɗauka haka abin yake ko'ina, domin a Wagadugu mata da zane da mayafi suna tuƙa keke da babur ba wanda ya waiwaya. Wadda ta ga za ta hau, a ba ta hanya mai aminci. Wadda ba za ta hau ba, ita ma ta ci riba, domin duk namijin da ya koma keke ya bar mata kujera a bas, ita da mai juna biyu da mai sanda da dattijon ma'aikaci.

Jadawali Ma Sufuri Ne

Akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo. Cunkoson safiya ya samo asali ne daga yadda kusan kowane sashe yake sa laccarsa ta farko da ƙarfe takwas. Idan wasu tsangayoyi suka fara da takwas, wasu da takwas da rabi, wasu da tara, motocin da ake da su za su yi sawu uku maimakon ɗaya. Haka nan, jami'in da ya sa wa 'yan aji ɗaya lacca a gabashin makaranta da ƙarfe goma, wata a yammaci da sha ɗaya, ya ƙirƙiri tafiyar ɗaruruwan mutane da alƙalaminsa, ko da bai sani ba. Ya kamata mai tsara jadawali da mai kula da motoci su zauna a teburi ɗaya kafin kowane zango.

Sai kuma direbobi. Mai bas ko mai a-daidaita-sahu ba ya tashi sai ya cika, domin akwai kuɗin da zai kai wa mai abin hawa kowace yamma, ga mai, ga cefane. Zaginsa ba zai sa ya tashi da kujeru a wofi ba. Idan ana son mota ta riƙa tashi a kan lokaci, sai a yi yarjejeniyar biyansa bisa yawan sawu, ba bisa yawan kai ba. Kano ta ga yadda hana acaɓa a Janairun 2013 ya sauya hanyar cin abincin dubban mutane a dare ɗaya. Tsarin da zai kori waɗannan bayin Allah daga haraba ba tare da ya ba su gurbi a sabon tsari ba, ko a tuƙi ko a gyara, ya tsabtace iska ne ya ƙazanta zumunci da garin da jami'a take zaune a cikinsa.

Kammalawa

Wannan sharhi bai ce kada a sayi motar lantarki ba. Cewa ya yi a san matsayinta a layi. A fara da daina kai gine-gine nesa da ƙara ɗakunan kwana, domin tafiyar da ba a yi ba ita ce mafi araha. A bi da hanyar ƙafa mai inuwa da fitila, sannan keke da wurin ajiyarsa, sannan jadawalin da ya san nisan wurare. Abin da ya rage bayan wannan, wato zirga-zirga tsakanin matsuguni da matsuguni da jigilar waɗanda ba za su iya tafiya ko tuƙi ba, shi ne aikin bas, kuma a nan ya dace ta zama mai batir, a caja ta da rana, a koya wa ɗaliban injiniya gyaranta.

Jami'a wuri ne da ake koya wa al'umma yadda ake auna abu kafin a yanke hukunci. Idan ta kasa warware tafiyar kilomita biyu a cikin shingenta, da wuya gari ya saurare ta a kan tafiyar birni. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da zai shiga aji ɗaya nan da shekara goma yana firamare yanzu, kuma bishiyar da zai bi ƙarƙashinta ya isa gwajinsa a kan lokaci, a daminar bana ya kamata a dasa ta.